Maƙwabciyata Darlene

Ranar da ta sauka a layinmu
da akwati huɗu da kare mai ido ɗaya,
ina bakin ƙofa ina guga.
Na ce a raina, to, ga wata kuma.

Gidan da ta kama na Don Eleuterio ne.
Shekara talatin yana ɗinkin takalma a ƙofar nan
kafin mai gida ya ninka haya sau uku,
ya ce yanzu dala ake magana, peso ya yi shiru.
Tsoho ya naɗe tabarmarsa ya koma bayan gari,
can inda bas ke juyawa,
inda ba a hango tafkin Chapala ko an hau tsani.

An ce baƙo raɓa ne.
Wannan raɓar ta kwana, ta wuni, ta sa labule.

Su ba a ce musu 'yan ci-rani.
Ba a ce musu baƙin haure
ko da bizar ta mutu tun bara.
Masu hutawa ake cewa.
Nicanor nawa shekara tara yana kan rufin gidajen Texas,
yana buga ƙusa, rana na cin ƙeyarsa,
aka tare shi don fitilar bayan mota ta mutu,
aka maido mini shi da leda ɗaya a hannu,
takalmi ba igiya.
Shi ba wanda ya tambaye shi ko ya huta.

Sifaniyancinta kamar tsakuwa a shinkafa.
Ta yi ƙorafin ƙararrawar coci,
ta yi ƙorafin wasan wuta ranar bikin waliyyinmu,
wai karenta na firgita.
Saboda irinta har barkono aka rage a miyar kasuwa,
muna ci kamar masu jinya.

Sai wani dare da iska ta yanke wuta,
na ji ana buga ƙofa da tafin hannu.
Ita ce, ba takalmi,
ta rungume ɗan kwali kamar jariri.
Allurar ciwon suga. In ta yi ɗumi ta lalace.
Na buɗe kular da nake sayar da ƙanƙara,
na tura ta tsakanin mai mangwaro da mai tsamiya.

Muka zauna a duhu.
Da hannu da rabin baki ta ba ni labari:
shekara ashirin da shida tana tuƙa bas ɗin makaranta a Ohio,
asibiti ya cinye gidan, ya lashe kwano.
Ta ce, daga kantin magani na yi hijira.
Ban ce mata sannu ba.
Amma na san abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta
ya fi wutar zafi.

Sati biyu bayan nan aka wayi gari
an rubuta a bangonta da jan fenti: KI KOMA GIDA.
Na san hannun.
Na ga jan a ƙarƙashin farcen jikana
yana gutsurar burodi, ya ƙi kallona.

Kafin rana ta fito, Nicanor ya ɗauki bokitin farar ƙasa.
Shafe uku ya yi, jan yana leƙowa.
Na ce, kai da suka kora?
Ya ce, Mama, na taɓa karanta wannan
a ƙofar motata, da Turanci.
Hannu ɗaya ne.

Haya ba ta sauko ba.
Don Eleuterio na can inda bas ke juyawa.
Ina yi mata guga duk Talata,
kuɗin ninki biyu nake karɓa.
Ta sani. Tana ƙirgo mini ba musu,
sannan ta tsaya, tana murza baki,
tana neman kalmar da za ta tambaye ni
yaya gwiwata ta kwana.